Tagar da Ta Fi Awonta

Ranar jeren Safiya, da hantsi, na sa ƙafa a ɗakin da za a kawo ta a Kibiya, na ɗaga kai na dubi tagogi. Tagogi biyu ne, kuma babu wadda ta yi daidai da awon da ke cikin jakata. Sun fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Ga labule na ɗinka da hannuna, ga sandunan rataye shi a ɗaure a gefe, ga dangin ango sun aiko cewa bayan la'asar za su shigo ganin ɗaki.

Safiya 'yar yayata ce, Yaya Binta, wadda ta rasu ta bar ta tana shekara tara, ni na riƙe ta a Rano. Ni kuwa tela ce, ɗinkin labule shi ne sana'ata. Tun da aka sa ranar biki abu ɗaya na ɗaukar wa kaina: kada wata ta shiga ɗakin yarinyar nan ta fito tana girgiza kai tana cewa, "Allah sarki, ai marainiya ce." Gara a zage ni da a tausaya mata a wannan rana. To ga shi tun ba a je ko'ina ba, taga za ta tsaya rabi a tsirara, a ɗakin 'yar riƙon tela. Oh ni Dije!

Mata na ta shigo da kwanuka da katifa suna hayaniya, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Abin mamaki, wadda ta faɗo mini a rai a lokacin ita ce kakarmu, Iya Abu, da wata tatsuniyarta.

A Tarai muka tashi, a hannunta. Iya ba ta yarda wuta ta mutu a banza. Da an kwashe tuwo an yi sallar isha'i, sai ta tara garwashin a wani tsohon kasko ta ajiye a ƙofar ɗakinta, ta binne dankali a ciki, mu jikoki mu kewaye ta. Hannunta ba ya zama haka nan. Kullum tana tufkar igiyar rama a cinyarta, tana tofa ɗan yawu a tafi tana murzawa. Yaya Binta ce babbarmu, ita ke zama kusa da wuta don ita ke juya dankali, ni kuma in kwanta a jikinta ina satar na gefe tun bai nuna ba. A bayan Iya akwai asabarin ƙofarta, rataye a jikin gora, yana ɗan motsi in iska ta kaɗa.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa, wa zai ba ta tabarma?" Mu kuma mu haɗa baki, "Mu ne, ta zauna mu ji ta!"

"Wata tsohuwa ce," in ji Iya wani dare, "tana da ɗaki a bakin gari. Ƙofar ɗakin nan ba ta san zama wuri ɗaya ba. Yau ka zo ka same ta a tsuke, sai ka karkace za ka shiga. Gobe ka dawo ka tarar raƙumi da kayansa zai wuce."

Na ce, "Iya, ƙofa tana girma?"

"Ji mini 'yar nema! Naki bakin ba ya girma in an sauke tukunya? Yi mana shiru."

Tsohuwar nan tana da jika da ƙyanda ta kama, idanunsa ba sa son haske ko kaɗan, da rana ta leƙo sai kuka. Sai ta aika aka kira gwanin saƙar asabari na ƙasar, mutum mai ji da kansa, wanda ke cewa shi bai taɓa auna abu sau biyu ba. Ya zo ya auna da kara, ya tafi ya yi kwana uku yana saƙa. Da ya dawo, ƙofa ta buɗe, asabarinsa ya tsaya a tsakiya kamar ɗankwali a kan shanya. Ya sake awo, ya saƙo ƙato. Ya tarar ƙofa ta tsuke, asabari na jan ƙasa, awaki suka far wa gefensa. A karo na uku sai ya zo da turaku da guduma, ya ce yau sai ya koya wa ƙofar nan hankali. Ya kafa turke a kusurwa huɗu yana bugawa da ƙarfin tsiya, bango ya tsage, wani ƙaton hoge ya faɗo masa a babban yatsa.

A nan Iya takan saki igiya ta kama yatsan ƙafarta, ta ɓata fuska tana "Wayyo yatsana, wayyo sunana!" Mu yi ta dariya har wani ya kusa faɗawa kasko.

Yaro dai yana nan yana kuka. Sai ga wata mata mai sayar da igiya a kasuwa, ba gwana ba ce, ba wanda ya san ta da saƙa. Ita ba ta zo da karan awo ba. Tabarma ta roƙa, ta zauna a gaban ƙofar kwana uku tana kallo. Sai ta lura ashe ƙofar ba hauka take yi ba. In wani da tsohuwa ke ƙauna ya kamo hanyar gidan, sai ta fara buɗewa tun bai iso ba. In ya tafi, ta koma ta tsuke. Matar nan ta je ta saro gora biyu, ta jera su gefe da gefe, ta haɗa su da zarge maimakon ƙulli, ta rataya asabari biyu, ɗaya na hawa kan ɗaya. Ƙofa ta buɗe, gora ta ja jiki ta bi ta. Ƙofa ta tsuke, su koma su haɗe. A ranar nan yaro ya yi barci a inuwa, kafin mako ya buɗe ido tar.

Yaya Binta ta ce, "Iya, to me aka ba matar?"

"Me za a ba ta? Yaro ya warke, me kuma kike nema?" Sai ta nuna mu da guntun igiyar hannunta. "Ku dai 'yan matan nan, in za ku ɗaure abu a gidan da ba ku kuka gina ba, kada ku ƙulle shi tamau. Ba ku san abin da gidan zai yi gobe ba." Ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Ta ƙare, na naɗe ta na sa ƙarƙashin matashi. Mai son wata gobe ya yi mini wanke-wanke."

Lokacin ni dai yatsan gwani ne ya tsaya mini a rai. Sai da na girma na kama sana'a na ga maganar ta bi ni ba tare da na sani ba. Ba na yanka yadi daidai awo, kullum sai na bar rara na naɗe a gefe da ƙasa. Abokan sana'a har tsiya suke yi mini, wai Dije ba ta yarda da kowa ba, har da tef ɗinta.

Awon tagogin Safiya kuwa ba ni na yi ba. Ba ya kyautuwa mu riƙa sintiri a gidan surukai kafin biki, don haka wata guda kafin nan aka tura Gwaggo Lami, ƙanwar babanmu, ta je kamar gaisuwa. Na ba ta tef ta ture, ta ce zarenta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta dawo da zare mai ƙulli biyu, ɗaya na faɗi, ɗaya na tsawo. Da na je Kano sayayya, sai na bar sandar da ake yankawa daidai taga, na ɗauko irin wadda bututu biyu ne, siriri a cikin mai kauri, in ka ja ta ƙara tsawo. Maƙalanta ma na bango suna da doguwar tsaga da noti, ana turo su gaba ko a mai da su baya. Gwaggo ta juya su a hannu ta taɓe baki ta ce, "Ke dai kin cika ƙaƙale. Sanda ma sai mai ciki biyu?"

To, yau ga mu a ɗaki. Gwaggo ta fito da zarenta ta kara a taga, ya tsaya a hanya. Ta sake karawa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Na rantse da Allah ɗakin nan na auna! Ko canza mana ɗaki aka yi?"

Malam Sule kafinta, da muka zo da shi don haɗa gado, ya shafa gefen tagar ya ce, "Ba a canza ba, Hajiya. Dubi siminti, sabo ne. Fasa bangon aka yi aka faɗaɗa."

Wallahi a lokacin haushi ne ya cika ni. A fasa bango a rasa mai aiko mana? Amma babu lokacin faɗa. Na ce, "Malam Sule, bar gadon nan tukuna, zo mu gwada sandar." Ya kama gefe na kama gefe, muka ja. Tana tafiya, tana tafiya, ina salati a zuci, don ban san iyakarta ba. Ta wuce bakin taga na dama, ta wuce na hagu, har da rarar yatsa huɗu. Ban san sanda na ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi ba, har matan falo suka leƙo.

Ba a nan ta ƙare ba. Da ya kafa maƙalai muka ɗora, sai sandar ta lotsa a tsakiya don ta miƙe da yawa. Na zazzage jakata, sai ga maƙali na uku da ya zo a cikin kwalin, wanda saura kaɗan in bar shi a gida don ban ga amfaninsa ba. Aka kafa shi a tsakiya, sanda ta miƙe. Sabuwar tagar kuma hannunta ya turo cikin ɗaki yana tokare yadi, Malam Sule ya sassauta noti ya jawo maƙalan gaba, ya ɗaure. Ni kuma na zauna dirshan a ƙasa da reza da allura, na farke rarar da na naɗe, na rage tattara, ina ɗinki da hannu gumi na ɗiga a hancina. Gwaggo ce ta riƙe mini yadin. Ba ta ƙara cewa uffan a kan ƙaƙale ba, sai "Yi a hankali, 'yar nan, kada ki soke hannu."

Ana kiran la'asar muka ja labule na biyu, ya rufe ruf.

Dangin ango suka shigo da guɗa. Uwar ango, wata dattijuwa mai fara'a, ta tsaya ta dubi tagogin, sai ta tafa hannu. "Af! Kun ga mun sha'afa ba mu aiko muku ba! Ku yafe mu, don Allah. Ji muka yi an ce yarinyar ba ta son ɗaki mai zafi, numfashinta yana kamawa. Shi ne Alhaji, baban ango, ya ce a fasa a ƙara mata iska. Ya aka yi kuka san awon?"

Gwaggo ta yi caraf ta ce, "Ai mu ba a yi mana bazata, Hajiya."

Kowa ya yi dariya, ni kuwa na juya kamar ina gyara labule, don hawaye ne suka zubo mini. Tun safe ina jin haushin mutanen da suka fasa bangonsu saboda numfashin 'yata. Na tuna ƙofar tsohuwa mai buɗewa tun baƙo yana hanya, na ce Allah ya ji ƙan Iya, ya ji ƙan Yaya Binta. Babu wadda ta fita ɗakin nan tana girgiza kai.

Na ɗauka iyakar darasin ke nan, wato ka bar rara don ba ka san bangon mutane ba. Sai bayan mako biyu na je ganin Safiya. Ina shiga idona ya kai kan taga, ka san mai sana'a. An ɗaga sandar sama, labule ya bar ƙasa da kusan taƙi guda, kuma an matsar da maƙali ɗaya.

Na ce, "Wa ya taɓa mini aiki?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Ni ce, Inna. Na fi son hasken safe ya ɗan shigo ta ƙasa in ina shara. Shi ya riƙe mini kujera, na kwance da kaina."

Na buɗe baki zan ce ai ba haka ake rataye labule ba, sai na rufe. Shekara goma sha biyu ina auna wa yarinyar nan komai, daga tsawon siket har lokacin barci, ina tsoron in na saki kaɗan wani abu zai same ta, a ce ban riƙe amana ba. Yau ga ta a gidan da ban gina ba, ta hau kujera ta gyara haskenta yadda take so, ba ta tambayi kowa ba. Wani nauyi da ban san ina ɗauke da shi ba ya sauka daga kafaɗata.

Na sake duban labulen. Ya ɗan karkace ta hagu, kaɗan dai, sai tela ce za ta gani. Na zauna a bakin gado na ce, "Ya yi kyau haka. Kawo mini ruwa in sha."