Shagon Kawu da Taswira Ta Bari a Tsakiyar Ruwa

Mun tashi daga Haɗeja ana sallame sallar asuba, ni da wata ƙawata da wayarta ta fi tawa kyan hoto. Ko karyawa ban yi ba, don raina a ɓace yake tun kwana uku kafin tafiyar. Bari in gaya muku dalili tun yanzu, kada ku dame ni da tambaya a ƙasa.

Kawuna masunci ne a wani ƙauye gaba da Guri, shi da matarsa suna bandar kifi. Shekara da shekaru dillali yake miƙa wa, dillali ya yanka farashin da ya ga dama. Da rani na je na cika masa kunne har ya yarda in buɗe masa shafi a intanet. Na ɗauki hotunan tarwaɗa da karfasa, na rubuta "bandar kifin Haɗeja" a duk inda rubutu zai shiga, don duk wanda ya nemi kalmar nan a waya ya faɗo kanmu. Sannan na tsaya a gaban murhunansa a bakin ruwa, na dasa alamar wurin a taswirar waya. Abin ya karɓu. Masu saye suka fara zuwa daga Kano da ƙafarsu, Kawu ya sallami dillalinsa. Ni na sa shi.

Sai damina ta kankama. Wata hajiya mai gidan abinci ta taso daga Kano da mota, ta bi taswira har inda hanya ta ƙare. Ba murhu, ba mutum, sai ruwa. Ta kira lambar Kawu, ba sabis. Ta koma ta rubuta a ƙarƙashin shafin cewa mu 'yan damfara ne, ta ba mu tauraro ɗaya. Wasu da ko hanyar Guri ba su sani ba suka taya ta. Kafin mako biyu, in ka nemi kifin Haɗeja masu shago a Kano da Abuja ne a sama, mu sai ka ja ƙasa har yatsanka ya gaji. Kawu kuwa yana da kwali goma sha ɗaya na banda a jibge, ga iska duk danshi, kuma kifi in ya yi fumfuna ya tashi aiki. Shi ne na ce zan je in gyara alamar, in ɗauko sabbin hotuna, in samo mai saye kafin kayan su lalace.

A tasha direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru saboda ruwa, kamar a kansa zai ɗauke mu ya tsallake. Na yi masifa, ban rage ko sisi ba. Mu huɗu aka cusa a baya, da buhun gishiri a kan ƙafata. Da muka fita daga gari sai na ga ruwan da yake faɗa. Gonakin shinkafa dama da hagu sun nutse, kan zangarniya kawai ke leƙowa. A gefen titi, inda ya ɗan yi tudu, mutane sun kafa rumfunan leda, ga gado, ga tukwane, ga awaki a ɗaure a jikin turmi. Wata tsohuwa na shanya gero jiƙaƙƙe a kan kwalta, motoci na kauce mata. Inda ba gona ba kuwa kachalla ce, ciyawar nan mai tsayi da ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wurin har iya ganinka.

A Guri muka sha kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, biyu sai su shige baki lokaci guda, amma mai tuyar ta rantse girmansa ke nan tun tana amarya. Daga nan babur, muna tafe muna sauka muna tura shi a taɓo. Daga babur sai kwalekwale.

Muna tsakiyar ruwa wayata ta yi ƙara a cikin leda. Na duba, sai ga taswira tana sanar da ni wai na iso shagon Kawu. Na ɗaga kai, ruwa ne ta ko'ina. Na gaya wa mai jirgin, ya yi dariya, ya zura sandar tuƙinsa ƙasa ya ɗan laluba, muka ji ta daki wani abu mai tauri.

"Ga murhun nan," in ji shi. "Wayarki ba ta yi ƙarya ba, Hajiya."

Ƙawata ta ce in sauka in yi sallama mana. Ban yi dariya ba.

Mun sami Kawu a kan wani tudu mai itatuwan giginya, can gaba sosai, shi da sauran masunta sun gina sababbin murhu. Bayan gaisuwa ban tsaya jan zance ba.

"Kawu, me ya sa da kuka tashi ba ka gaya mini ba?"

"In gaya miki me, 'yar nan? Damina ce fa. Kowa ya san muna hawowa."

"Kowa wa?"

"Kowa mana."

Iyakar amsarsa ke nan, kuma shi a wurinsa ta isa. Ni ma ai na sani. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa su Kawu sun hau tudu, su Kawu sun sauka. Amma ranar da nake dasa alamar nan ƙasa a bushe take ƙayau, ban kawo komai a raina ba.

Sabis a wurin sai ka hau kan wani jirgi da aka kife, ka ɗaga hannu sama. Na hau. Na ja alamar zuwa tudun, sai manhajar ta ce ba ta yarda ba sai na tabbatar da sabon adireshin da bidiyo: in nuna allon shago, in nuna sunan titi, in nuna ina buɗe ƙofar da makulli. Na karanta wa Kawu. Ya waiga ya dubi rumfarsa ta zana, wadda ko ƙyaure ba ta da shi. Ƙawata ta yago kwali ta rubuta sunan shagon da gawayi, muka rataya a jikin giginya. Sau biyar ina tura bidiyon yana tsayawa a rabi, sauro na cin ƙafata da rana tsaka.

Ina can sama Kawu ya ce, "Wai in kin gyara, nan zai zauna ke nan?"

Na ce e.

"To, nan da wata biyu ruwa zai ja, mu sauka. In sanyi ya shigo kifi ya yi gabas, mu bi shi. Sau uku muke tashi a shekara, wata shekarar huɗu."

Na sauko daga kan jirgin.

Matar Kawu ta yi mana tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Miyar ta yi daɗi, ni ce dai ban iya ci ba. Muna gamawa ta ja ni rumfa ta buɗe kwalayen ƙasa. Biyu sun yi fari fat da fumfuna, na uku ya fara wari. Ta mayar ta rufe.

Bayan azahar sai ga jirgi ya tsaya, tsohon dillalin Kawu ya sauko yana tattare babbar riga. Ashe tun jiya Kawu ya aika masa. Ba wanda ya yi masa kwatance, ya san inda suke a wannan makon kamar yadda ya san gidansa. Da ya gan ni ya washe baki.

"A'a, manajar intanet ce da kanta! Ina masu sayen naki, ko suna tafe a jirgin sama?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa daidai da shi, Kawu ya dube ni sau ɗaya, na haɗiye. Mutumin ya shinshina kwali-kwali, ya ware uku gefe, ya yi wa sauran tayin da ko a bara Kawu ba zai saurara ba. Ya kuma ce sai dai in daga yau har ƙarshen kakar kifi shi kaɗai za a riƙa ba wa. Kawu ya miƙa masa hannu.

Da za mu tafi na so in ba shi haƙuri, kalmar ta ƙi fitowa da kyau. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ai alheri kika nufa." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Mun shigo Haɗeja ana kiran magariba, zani duk taɓo. Kafin in cire takalmi na goge alamar daga taswira gaba ɗaya. Na rubuta wa hajiyar Kano bayani da ban haƙuri, ta gani, ba ta amsa ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗin faɗa. Masu koyar da tallan intanet kullum suna cewa ka sa adireshi, ka sa hoto, ka sa kalmar da ake nema, kasuwa za ta zo. Gaskiya ne, ga mai shagon siminti da ƙofar ƙarfe. Wanda ya ƙera taswirar nan bai taɓa tunanin akwai shagon da ke tashi in ruwa ya taso ba, ni kuma da na sani ban tuna ba. Na ɗauka dillali baki kawai yake sayarwa, ashe har da sanin inda mutum yake yau. Duk wadda za ta kai sana'ar iyayenta intanet, ta zauna tukuna ta tambaye su yadda suke yinta wata goma sha biyu, ba ranar da ta je da waya kawai ba. Ni ban tambaya ba, kuma Kawu ne zai ci gaba da biyan kuɗin rashin tambayar tawa har kakar kifi ta ƙare.