Faɗin Gonar Baba

Shekarar da ruwa ya mamaye fadamar Rara, ya tafi da gambar da ta raba gonar Baba, mahaifina, da ta Baffa, ƙanensa. Da ruwan ya janye, ko tushe ɗaya bai bari ba. Baba ya kafa turke ya ce nan ce iyaka, gonarsa mita saba'in ce a faɗi. Baffa ya tumɓuke turken ya ce tasa ce mai saba'in. Irin albasa kuwa ya isa dashe, har ya fara rawaya, ba wanda ya isa ya taɓa wurin.

Sai aka tuna da wani malamin gona da ya taɓa auna gonakin fadamar kafin a sauya masa wurin aiki. Aka neme shi, ya turo fayil ɗin awon. Baba da Baffa suka yarda a gaban maigari cewa abin da fayil ya faɗa shi ke nan. Suka zo shagona na kwamfuta a Wurno, kowa a kan kabu-kabunsa daban, mutanen da da kan babur ɗaya suke zuwa kasuwa.

Fayil ya ƙi buɗuwa. Tsohon samfurin Excel ne, kuma farkon fayil ɗin ya lalace. Na gwada iya gwadawata, na kasa.

"Mi na na?" in ji Baba. "Ba ka ce aikinka na ba?"

Na ce ya yi haƙuri. A Sakkwato na koyi farke cikin fayil in duba shi ɗanye, inda ba shafi ba layi, sai lambobi da haruffa bibbiyu sun cika fuskar kwamfuta kamar tururuwa. Excel irin na da marowaci ne. Maimakon ya ba lamba gurbi takwas, sai ya matse ta a huɗu, ya manna mata alamar yadda za a warware ta. Na lalubo lambar awo ta farko: 37 5B 00 00. Daga baya ake karantowa. Na juya ta zuwa lissafinmu na kullum, ta ba ni 23351.

Baffa da ke leƙe ta kafaɗata ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To, gonar wani ta kai Goronyo ke nan."

Haushi ya kama ni, amma na haɗiye. Na raba lambar gida huɗu, ta ba 5837, saura uku. Wannan sauran shi ne alamar: uku na nufin cikakkiyar lamba ce, kuma a raba ta da ɗari. Mita hamsin da takwas da ɗoriya. Na warware lambar layin ƙasa, ta fito saba'in da ɗaya.

Saura a san wacce ce ta wa. Sunaye ba sa zama kusa da lambobi a irin wannan fayil, can wani lungu ake tara su, lambar layi kaɗai ke haɗa su. Na bi a hankali, na sake bi. Hamsin da takwas ta Baba ce.

A duk Wurno ban san wani da zai iya bin sawuna a cikin lambobin nan ba. Da na musanya layukan, ba mai ganewa. Kuma wallahi na so in musanya. Baban nan nawa da ke tsaye a bayana, yana warin rana da ƙasar fadama, shi ya tura ni karatun nan lokacin da kowa ke cewa ya bar ni in kama fartanya. Baffa ma yana cikin masu faɗin haka.

"Yaro, mi kag gani?" Baba ya tambaya a hankali, ya ɗora hannu a kafaɗata.

Ban iya ɗaga kai ba. Na ce, "Baba, taka hamsin da takwas ta. Saba'in ɗin ta Baffa ta."

Hannun ya sauka daga kafaɗata. Baffa ko murnar ma ya kasa yi.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

Ya gyara hularsa ya fita. Washegari da kansa ya ja igiyar awo, ya kafa turken inda lambar ta ce, aka yi dashe. Bai zage ni ba, bai taɓa tayar da maganar ba har yau.

Amma mu a gida, tun ina ƙarami kwano ɗaya muke ci ni da Baba. Da na je Rara ranar Juma'a, na wanke hannu na nufi tabarmarsa, sai na tarar Inna ta zuba mini nawa tuwon daban, ta ajiye a bakin ƙofa. Na dube ta. Ta kawar da kai ta ce shi ya ce a yi haka.