Bangon da Kaka Ilu Ya Ji Kunyar Rushewa

Damanar bana ce ta shida da Kaka Ilu bai hau rufin kowa ba. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, amma har yau in amalanke ya yi karo da katanga a unguwarmu, tsofaffi kan ɗaga kai su duba ko shi ne ya dawo aiki. Ni jikarsa ce, ina 'yar shekara goma ya rasu. Yanzu ina lakol, wato makarantar boko, a garinmu Agiye, kuma tun ranar da aka kai shi nake kwana da matarsa, kakata Iya Hajo, a ɗakin da ya gina mata. A bana ɗakin nan ya tashi haiƙan zai kashe mu, ni da ita, shi ya sa tunawata ta bana ba ta yi kama da ta sauran shekaru ba.

Kaka ƙaramin magini ne. Jaki ɗaya gare shi, da igiya, da wani kulki mai kai kamar kabewa, da ma'aikaci guda mai suna Mamman. In ka kira shi ya gina maka ɗaki, ba ya tambayar faɗi ko tsawo. Sai ya zo da safe ya shimfiɗa buhu a tsakar gidanka, ya shanye maka fura, ya cinye maka tuwo, yana ta kallo. Yana duba inda matar gida ke daka, da inda hayaƙi ke bi, da inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, da kusurwar da yara ke bugun goshi in sun sheƙo da gudu. Sai la'asar ya miƙe ya ja layi a ƙasa da diddigensa. Wani Bafulatani da ya zauna kusa da garin Gazawa, Kaka ya juya masa ƙofa ta kalli garke, don ya riƙa ganin shanunsa yana kwance. Wani tsoho makaho kuwa ya yi masa ɗaki ba dokin ƙofa. Ba a taɓa samun gidajensa biyu masu kama da juna ba.

Wannan ke nan in sabon gini ne. In gyara ne kuwa, sai ku tattara yaranku da kajinku. Yana shiga zai nufi gindin bango ya zabga masa kulki. In bangon ya amsa da ƙarfi, sai a yi maganar gyara. In ya amsa a sanyaye, kamar an bugi buhun dusa, magana ta ƙare. Bangon da danshi ya cinye wa gindi, Kaka ba ya yi masa ciko, ba ya huda masa ƙofa, ba ya ɗora masa rufi. Kayar da shi yake yi, kana so ko ba ka so. Nasa ginin ma bai tsira ba. Na taɓa ganin ya koma baya ya ƙanƙance ido, ya ga aikin yininsa ya karkace, ya rugo ya doke shi da ƙafa, tubala suka tarwatse, zakaranmu ya kwana uku bai yi cara ba.

An taɓa yin wani mai sayar da hatsi da ya ce a shafe masa bango kawai, baƙi za su zo. Kaka ya ce sai dai a kayar. Mutumin ya riƙe kulkin, Kaka ya riƙe masa wuyan riga, suka yi ta kokawa har suka rufta ramin kwaɓin ƙasa. Da aka jawo su ba mai gane magini da mai gida, sai da aka watsa musu ruwa. Haƙorin Kaka ɗaya ya zauna a ramin. Mamman ya rantse mini an kwaɓa ƙasar da shi, yana nan cikin bangon mutumin har gobe. An kai su gaban mai gari, Kaka yana tofar da jini yana cewa a kashe shi ya fi masa da ya ɗora azara a kan mushe.

Mutumin da ya yi wannan shi ne ya kasa buɗe baki a Gazawa.

Yayan Iya ne ya kira shi, wanda ya ba shi aurenta. Duk faɗan Kaka, a gaban wannan surukin ko takalmi ba ya sawa. Tsohon yana son a huda masa ƙofa a bangon zaurensa. Kaka ya buga kulki, ya ji abin da ya ji, Mamman ma ya ji. Sai Kaka ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, bangon nan ya ɗan gaji.” Tsohon ya ce, “Ubana ne ya gina shi. Ƙofa kaɗai nake so.” Kaka ya ce to. Ya kori Mamman waje, wai ya je ya ba jaki ruwa, ya fara sara shi kaɗai. Kafin azahar bangon ya taho da rufin gaba ɗaya. Da hannu Mamman ya tono shi, har faratansa suka fita. Azara ta karye a kan ƙirjinsa, bakinsa cike da ƙasa da jini. A amalanke ya cika, ba a kai ga likita ba. Abin da na gani da idona ƙafafunsa ne, sun leƙo daga ƙarƙashin zane, da busasshen kwaɓi a jikinsu. A wannan wurin ba na ƙara gishiri.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Kowa ya koma rufin tol, wato kwano, ana gasuwa a ciki kamar tsire. Ana lulluɓe ruɓaɓɓen bangon ƙasa da siminti, a shafa fenti, daga waje sai ka ce buro, ofishin manya, daga ciki kuwa gara tana biki. Mutum zai nuna wa magini hoto a waya ya ce irin wannan yake so, ko da gidan wata ƙasa ne da ba su san tabarya ba. Da Kaka na nan, rabin Agiye da ya zama fili, shi kuma da jandarma sun gaji da ganinsa. Amma na san kafin ya taɓa gidan kowa, da nasa zai fara.

Damanar bara ruwa ya kwanta a bayan ɗakin Iya, ya ci gindin bangon. Da rani wata tsaga ta buɗe, ta yi ta girma har ina gaisawa da maƙwabta ta ciki. Ƙadangare ya tare da iyalinsa. In babbar mota ta wuce a titi, ƙasa na zubo mana a koko. Mamman, wanda yanzu shi ne maginin unguwa, ya zo ya ƙwanƙwasa gindin, ya kalli babana.

Babana ɗan fari ne. Iya ba ta faɗin sunansa, shi kuma ba ya haɗa ido da ita. Ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin ya ce, “Iya, ɗakin nan ya ɗan gaji.” Sak maganar da Kaka ya yi a Gazawa. Iya ta ce, “Shi ya gina mini. Nan za a ɗauke ni.” Baba ya ce to, ya tashi. Mamman ma ya ce to. Duk gidan aka cika da to, ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas.

Mutum ɗaya ne a gidanmu aka halatta wa rashin kunya a gaban Iya, wato jika. Ni da ita kullum a cikin yaƙi muke, ina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, tana ce mini ja'ira mai ƙafar raƙumi. Na fara da baki.

“Tsohuwa, in ke kin gaji da duniya, ni ko fara ta ban yi ba.”

“To wa ya ɗaure ki? Tafi ki kwana da awaki, dama can ne danginki.”

“In ya danne ki wa zai tono ki? Faratan Mamman sun ƙare.”

Ta wurgo mini ludayi, ya same ni a kunne. Na gane baki ba zai yi ba.

Ranar da ta tafi suna a wata unguwa, na kwashe kayanta kaf: gado, kwalla, akwati, har da tsummokaran da tun kafin a haifi babana take cewa za su yi amfani. Na tara su a tsakar gida, na ɗauki tabarya na zagaya bayan ɗakin. Ina bugu bangon na zubo da ƙasa kamar gari. Ban yi nisa ba na ji muciya a gadon bayana. Ashe an kai mata labari. Matar da ke cewa gwiwa ta hana ta ruku'u, ranar ta tsallake turmi. Ta bi ni muka zagaya rumbu, muka bi ta kan akuya, muka kifar da tukunyar miya. Ta fasa mini leɓe, ta tsinke mini ɗan kunne. Babana na tsaye a bakin zaure, ba shi da bakin hana uwarsa, ba shi da niyyar hana ni. Ta rutsa ni a bayan ɗakin, ta fizge tabaryar, ta ɗaga ta sama da hannu biyu. Na duƙa. Tabarya ta sauka a kan tsagar.

Bangon ya yi wani irin nishi, ya faɗa ciki, rufin ya bi shi. Ƙura ta rufe gidan har ba ma ganin juna. Da ta lafa, ga azara ta soke ƙasa daidai inda a da kan gadon Iya yake, wata kuma ta kwanta a wurin tabarmata. Iya ta tsaya da tabarya a hannu tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ta a hankali, ta tafi ta zauna a kan akwatinta.

Daga ranar ta daina zagina, kuma wannan ya fi muciyar zafi. In na gaishe ta sai ta amsa kamar baƙuwa ce ni. Na san ba ƙasa da azara na kayar mata ba, abu na ƙarshe ne da hannunsa ya taɓa a gidan. Duk da haka ban yi nadama ba. Gidajen da Kaka ya gina suna ta narkewa ɗaya bayan ɗaya, haka ginin ƙasa yake, shi ma ya sani. Abin da nake ganin ya rage nasa shi ne taurin kan nan da ya sa mutane da yawa suka kwana lafiya suna tsine masa. Sau ɗaya ya ajiye shi don kunya, muka rasa shi. Ban yarda a yi na biyu a gidansa ba.

Mamman bai zubar da tsohuwar ƙasar ba. Ya tara ta ya jiƙa, da ita za a yi sabon tubali. Shekaranjiya da hantsi ina wucewa, Iya na zaune kusa da kwaɓin, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, “Ke, mai rushe gidan mutane. Cire takalmi ki shiga ki taka. Ƙafafun nan naki ai ba don ado aka yi su ba.”

Na shiga har gwiwa, leɓena a kumbure, ina dariya ina kuka. Allah ya jiƙan Kaka Ilu, ya yalwata masa ɗakin da yake ciki yanzu.