Mutumin da Ya Yi Wa Shefali Debi Tafiya

Kullum da safe Nitai Pramanik yakan hau jirgin ƙasa na ƙarfe bakwai daga Sonarpur, ya nemi bakin taga, ya lumshe ido. Abokan tafiya sun ɗauka gyangyaɗi yake yi. Saurare yake yi: yadda mai kifi ke jan silifa, yadda jiƙaƙƙiyar lema ke buɗewa, yadda kofin ƙasa ke fashewa idan an shanye shayi an jefar. Kafin ya iso ɗakinmu na ɗaukar sauti a Tollygunge, kunnuwansa sun cika da gari.

Ni ce Madhabi, mai zama bayan gilashi ina naɗar abin da ya yi, yau shekara ashirin da biyu. Shi kuwa shekararsa arba'in da ɗaya a ɗakin, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki saboda ciwon gwiwa.

Fim yakan zo mana da hoto da magana kawai. Ana tafiya ba taku, ana rufe ƙofa ba ƙara. Sai Nitai-da (a wurinmu "da" yaya namiji ne, "di" ko "didi" yaya mace) ya tsaya gaban allo a tsakiyar tarkacensa, ya zuba shinkafa a kan ganyen ayaba, damina ta sauka a ɗaki alhali rana na ƙwallewa a waje. Ya murza leda, wuta ta kama. Sau da yawa nakan manta da na'urar da ke gabana, in tsinci kaina a wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba, ina jin ƙamshin ƙasa.

Bhola mai shayi ya gan shi ran nan ya tare wata tsohuwa a bakin ƙofa, ya ba ta sabon takalminsa, ya karɓi nata tsinkakke, wai kukansa ya yi masa daɗi. Ya dawo ba takalmi yana murmushi.

"Nitai-da, matarka ta san kana tara takalman mata kuwa?" in ji Bhola.

"Ita ta koya mini tafiya da takalmi mai tsini. Kai dai rage ruwa a shayin nan, na ji shi tun daga zubawa."

Kai ne mai takun mutum dubu, Nitai-da. Ka yi gudun ɓarawo, ka yi sanɗar amarya, ba a taɓa rubuta sunanka inda ido zai kai ba.

Amma a cikin dubun nan akwai guda da ya riƙe shekara talatin: tauraruwar fim Shefali Debi. Duk takun da 'yan kallo suka sani nata ne, har 'yan mata na kwaikwaya, daga ƙafarsa ya fito. Ba su taɓa haɗuwa ba. Bana ta yi fim ɗinta na ƙarshe bayan doguwar jinya, likita ya ce ba za ta sake tsayawa gaban kyamara ba. Wuri ɗaya ne take tafiya a cikinsa, inda take ratsa tsakar gida. Sauran duk tana kwance.

Arindam, matashin darakta, ya kalli wurin ya girgiza kai.

"Madhabi-di, tana jan ƙafa. Ban ɗauko ta don a tausaya mata ba. Kawu Nitai, ka yi mata takunta na da, mai sauri. In bai hau ba, na yanke wurin."

In an yanke, ganin ƙarshe da duniya za ta yi mata a kan gado ne.

Nitai-da ya sa silifar da ya daɗe yana yi mata tafiya da ita, ya gwada. Sautin ya riga hoton. Ya sake, gwiwa ta ƙi, ya dafa bango. Karo na uku ko rabi bai kai ba. Arindam ya miƙe zai tafi.

"Zauna, ɗana," in ji Nitai-da. "Ba ni sau ɗaya, amma yadda na ga dama."

Ya cire silifar. Ya ɗauko tarin makullai ya ƙulla a gefen wani tsohon sari, zanen matanmu, ya yafa a kafaɗa kamar yadda iyayenmu mata ke yi. Ya daina ƙoƙarin sauri, ya bar gwiwoyinsa suka yi tafiyarsu. Taku, ja, ɗan tsayawa, makullai su yi magana a hankali. Ko ido bai buɗe ba, amma duk inda ƙafarta ta sauka a allo, tasa ta sauka a ƙasa. Mai jinyar ta ɓace. Uwar gida ce ke ratsa tsakar gidanta, ba wanda ya isa ya ce ta yi sauri. Na ji takun mahaifiyata a ciki, na yi kuka, ban ɓoye ba.

Arindam ya juya ya dube shi. "Kawu, ya aka yi?"

"Ba abin da aka yi. Tare muka tsufa."

Ba a yanke wurin ba.

Jiya muka yi masa ɗan bikin sallama da shayi da kayan zaƙi. Muna cikin ci sai mota ta tsaya, Shefali Debi ta shigo da sanda, ta ce a nuna mata wanda ya yi mata tafiya. Nitai-da ya rasa inda zai sa kansa. Ta girme shi, kuma ita ce Shefali Debi, amma ta miƙa mini sandar ta fara sunkuyawa za ta taɓa ƙafafunsa, yadda ƙarami ke gaida babba a wurinmu.

"Didi! Don Allah kar ki ɗora mini zunubi!"

"Rufe mini baki," ta ce. "Ba kai nake gaisarwa ba. Ƙafafuna ne, shekara talatin ban gan su ba."

Mun gode, Nitai-da. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi rufe ido kafin ku taɓa komai, yadda yake yi. Ranar Litinin zan kunna na'ura in dubi gefen allo, inda ƙafafunsa suka goge siminti har ya yi santsi. Na riga na hana a share wurin.