Yadda Na Mayar da Jar Akuya Zabori

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Gaya, ni da maigidana da wata jar akuya wadda ba tawa ba. Shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa a bakin kogi, wata dattijuwar Bafillata ta wajen Zabori, ƙawar marigayiya mahaifiyata, ta aiko mini da ita habbanaye. Haka al'adarsu take: ka riƙe uwa ta haihu a hannunka, ƴaƴa naka, ita kuma ta koma gidansu. Yanzu ɗan garke gare ni a bayan madafa. Lokacin mayarwa ya yi, kuma da tsohon ciki zan kai ta, don abin kunya ne a ba ka dabba da ƙiba ka mayar da ƙasusuwa, balle ka je da labarin ta mutu a hanya.

A tasha direba ya ce a ɗaure mata ƙafafu a ɗora ta sama, tsakanin buhunan gari da jarkokin manja. Na ce ba ta hawa sama.

"To Hajiya, kujera za ki biya mata?"

Na ce i. Ga kuɗin mota sun tashi tun da esansi ya yi tsada, amma na biya. Wata mata ta matsa tana cewa, "Bismillah madam, a yi haƙuri da talakawa." Maigidana ya kau da kai kamar bai san mu ba.

A shingen fita gari muka tarar da kamiyo, babbar motar kaya, cike da shanu masu haramar kudu. An cusa su har ƙaho na shiga cikin ƙaho. Wani sa ya durƙushe, sauran suna taka shi. Wani magidanci da ke tafiya da su a saman ƙarafa ya sauka tsakiyarsu ba takalmi, yana jan wutsiyarsa, ƙafarsa ɗaya naɗe da tsumma. Da ya fito na miƙa masa ledar ruwa. Ya kurɓi kaɗan, ya juye sauran a kan san. Na daɗe ina cin tsire ban taɓa tunanin wanda aka taka wa ƙafa kafin nama ya iso faranti ba. Allah ya ba su lada, ya sassauta wa bayinsa marasa baki.

Garin Bana ya faranta mini rai. Giginyu tsaye reras, rake da dankali tuli a bakin hanya. Muka sayi muruci da kopto, kwaɗon zogalen nan da ya ji ƙuli, akuya ta cinye rabin nawa ban ankara ba. Abin da ya sosa mini zuciya kawai masu feshin magani a lambu, ba riga, tsumma ne kurum a hanci.

Gaba da nan, kan jar hanya, taya ta fashe, ta canjin ma ba iska. Direba ya hau kabu-kabu ya tafi neman mai faci, ya bar mu a wani fili fetal. Wani tsoho cikin fasinja ya ce da kurmi ne a wurin, aka sare don gona, masu gawayi suka ƙarasa sauran. Ya ce yanzu ruwa sai ya makara, in ya zo kuma ya zo da faɗa ya kwashe ƙasar. Ni ma shaida ce, zafin bazarar yanzu ba shi ne na ƙuruciyarmu ba.

Rana ta take. Ruwan sha ya ƙare wa kowa. Akuya ta kwanta a gefen mota, harshe waje, cikinta na sama da ƙasa. Na kafa mata mayafina da karare, ba ta ko ɗaga kai ba. Abin da ya rage shi ne butata ta alwala, ga azahar ta yi. Na dubi maigidana. Ya ce, "Ba ta. Addini bai hana ba, ga ƙasa nan mai tsarki." Na riƙa zuba mata a tafin hannu tana lasa, na shafa mata sauran a kunnuwa da wuya. Muka yi taimama muka yi salla. Ina sallamewa na ji ana jan gefen zanena. Ita ce, ta miƙe tana neman abin tauna. Matar nan mai tsokana har da hawaye.

Da direba ya dawo aka ɗaura taya, muka wuce Dioundiou ba tsayawa, muka isa rugar su dattijuwar da la'asar sakaliya. A gonar wani manomi suka sauka, shanunsu na cin kara suna bar masa taki, shi kuma yana ba su hatsi. Bai sare gawo ko ɗaya ba, ga su kore shar cikin rani, awaki na tsintar ƴaƴansu a inuwa. Iskar wurin ma daban take.

Dattijuwar ta duƙa ta shafa bayan akuya, ta buɗe bakinta, ta tallabi cikin. Can ta ce, "Ɗiyata, kin yi riƙo irin na uwarki." Na ba ta gishiri da sabulun da na kawo, ta cika mu da fura da nono. Ba mu gama sha ba ta aika aka kira wata maƙwabciya, wadda awakinta suka ƙare a farin bara. Ta kwance igiyata ta miƙo mini, ta sa wa akuya wata, ta danƙa wa matar. Akuyar ko kwana ba ta yi a gidansu ba.

Washegari muka dawo Gaya lafiya, kujera biyu kacal muka biya, maigidana sai fara'a yake. Tafiyar nan ta nuna mini inda muka ɓata ƙasa da gatari, da yadda muke wahalar da dabba da mai kula da ita saboda nama. Ta kuma nuna mini cewa gyaran yana nan hannun mutanenmu tun kaka da kakanni, kuma ina alfahari da su. Ina shiga gida na wuce bayan madafa da igiyar nan, na ɗaura wa babbar ɗiyar jar akuya. Akwai wata baiwar Allah a layinmu da ruwa ya ci gonarta bana. Da safe na kai mata.