Mutum na Goma

Shekara takwas ke nan da rasuwar Baba Yakubu, tsohon Bayahuden da na yi jinyarsa shekara huɗu. Kullum daga Hyattsville, garin da nake zaune a nan ƙasar waje, nake shiga jirgin ƙasa zuwa gidansa. Tsoho ne mai tsiya, ko shayi sai ya kushe, amma na ƙaunace shi kamar mahaifina.

A al'adarsu, in yaro ya kai shekara sha uku sai ya tsaya gaban jama'a ya yi karatun Attaura, daga ranar ya shiga sahun manya. Kuma addu'ar jam'i ba ta yiwuwa sai an cika mutum goma. Shi a sansanin da 'yan Nazi suka tsare Yahudawa shekarun suka same shi. Maza tara suka rage a ɗakinsu masu ƙarfin halin yin addu'a, suna jiran ya cika su. Ran nan da safe suka kewaye shi a wurin wanka kamar masu jiran layi, ba littafi, sai abin da wani dattijo ya haddace masa. Ya buɗe baki ke nan aka toshe masa da hannu: “Rage murya!” Cikin raɗa ya ƙarasa, yana jin takun masu gadi.

Har ya mutu bai iya faɗin wannan karatun da ƙarfi ba. Ya ce min, “Ladi, in lokacin Rahila ya yi, ki ce ta ɗaga murya.” Rahila tattaɓa-kunnensa ce, lokacin shekararta biyar.

Lokacin ya yi a watan jiya. Ana saura kwana uku, wani ya buga waya majami'arsu da barazana. Uwar yarinyar ta kira ni tana kuka, wai ko a yi a falo, a ja labule. Ni da na girma a Kaduna ana caje mu a ƙofar coci, wace ce ni da zan tura 'yar wani? Na faɗa mata saƙon Baba kawai.

Ranar Asabar muka wuce 'yan sanda biyu muka shiga majami'ar. Na zauna a baya ina ƙirga masu shigowa, ko za a cika goman. Da Baba na nan da ya buge min yatsa, don su ba sa ƙirga mutum da lamba. Kafin a fara, kujeru sun ƙare.

Rahila ta soma karatu, murya na rawa, idonta a ƙofa. Sannan ta gyara tsayuwa.

Baba bai bar gida ko dukiya ba. Amma daga kujerar ƙarshe na ji kowace kalma, kuma ba wanda ya ce mata ta rage murya.