Hannun Irmtraud na Hagu

Ekkehard Trautvetter ya yi shekara talatin da huɗu yana kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu da maɓallai da ake dannawa da hannu da ƙafa, a cocin ƙauyensu, cikin tuddan Turingiya. Amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne tsofaffin kaɗe-kaɗen zamanin Barok, waɗanda aka rubuta wa masu goge da masu sarewa su goma ko fiye. Yakan zauna ya juya su yadda mutum ɗaya zai kaɗa da hannu biyu da ƙafa biyu. Ƙa'idarsa guda ce: duk sautin da mai kiɗan na asali ya sa, ba ya zubar da shi. A ganinsa wanda ya mutu ba shi da bakin kare kansa, rage masa ko sauti ɗaya cin amana ne.

Matarsa Irmtraud, wadda yake kira Traudel, ita ce mai gwada masa. Ta fi shi hannu, shi ma ya san haka. Idan ya gama shafi sai ta hau benen cocin ta zauna gaban ogan, shi kuma ya tsaya a ƙasa tsakanin kujeru yana saurare. Ba a jimawa kiɗan zai tsaya cak, muryarta ta sauko.

"Ekke, yatsu nawa kake tsammani Allah ya ba ni?"

"Goma, kamar kowa."

"To nan wurin sha uku yake nema. Ko in aro na fasto?"

"Haka aka rubuta shi, Traudel."

"Mutum goma sha biyu aka rubuta wa, tsoho. Cire muryar tsakiyar nan daga kiɗan, ba wanda zai ji."

"Ni zan ji."

Sai ta ja tsaki, ta yi mako guda tana fama da wurin har ya zauna mata a hannu. Ran Lahadi ta kaɗa shi tsaf, ta leƙo daga bene ta harare shi. Haka suka yi ta yi har gashinsu ya yi fari.

Wata shekara da kaka, Irmtraud tana tsinkar tuffa a bayan gida, sai ta zube. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta yi wata biyu a asibiti. Magana ta dawo, tafiya ma ta dawo da sanda, amma yatsu biyu na hannun hagu sun mutu, ƙafar hagun kuma sai ja. Tun da ta dawo gida ba ta ƙara ɗago zancen kiɗa ba. Ran Lahadi takan zauna a ƙasa cikin jama'a, hannun a cikin aljihun kwat.

Wannan zaman ne ya hana Ekkehard sakat. Da sanyi ya shiga sai ya ɗauko wani kiɗa mai tafiya a hankali wanda ta fi so duk cikin aikinsa, ya fara yi masa abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙidaya yatsun da suka rage mata, ya shiga soke sautuka. Wasu ya mayar wa hannun dama, wasu ya ba ƙafar dama, waɗanda suka rasa wurin zama ya zubar. Kowace sokewa ji yake kamar ana cire masa haƙori. Wani layi ɗaya sai da ya kwana tara a kansa. Bai gaya mata ba; idan ta kawo masa kofi sai ya rufe takardar da jarida.

Bayan Ista ya ce ta raka shi coci. Ya riƙe ta suka hau matakala ashirin da shida, suna hutawa. Ya ɗora mata takardar. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta fiddo hannun daga aljihu ta fara.

Kiɗan ya tafi sumul, babu tuntuɓe ko ɗaya. Ekkehard ya ji idanunsa sun ciko. Amma tana kaiwa tsakiya sai ta ɗaga hannuwanta.

"Ina muryar tsakiya?" ta tambaya.

"Na cire."

"Shekara talatin ina roƙonka ka cire sauti ɗaya, ka ƙi. Yau ka cire rabi."

"Don ki samu ki kaɗa ne, Traudel."

"Na sani." Ta dubi yatsun nan biyu da ke kwance a kan maɓalli kamar ba nata ba. "Da kake ƙi, na san ka yarda zan iya. Ban san na gama ba sai da na ga wannan takardar."

Ta mayar da hannun cikin aljihu.

"Ya yi kyau, Ekke, kada ka damu. Saukar da ni."

Ba ta sake hawa benen ba. Ba su yi faɗa ba, ta ci gaba da dafa masa miyar dankali, tana tsokanarsa kan hular da ya ƙi jefarwa. Sau biyu ya yi niyyar ba ta haƙuri, amma ya rasa a kan me zai ba ta. A sanyi na biyu ciwon ya dawo, ya tafi da ita cikin kwana uku.

Bayan wata shida wata tsohuwar malamar makaranta, Reinhild Zacher, wadda ke lallaɓa ogan a ƙauyen da ke kusa don ba su da makaɗi, ta zo cocinsu ta ga takardar a bene, ta roƙe shi ya bar ta ta kwafa. Daga hannunta ta bazu. Ƙananan coci da yawa a yankin irin su Reinhild ne ke riƙe da su, masu yatsu a sandare da ƙarancin koyo. Suka dinga aiko masa da wasiƙa suna neman ƙari. Ya yi musu irinta guda arba'in da ɗaya kafin idonsa ya gaza, kuma da su aka san shi, ba da aikin shekara talatin ba.

Ya rasu yana da shekara tamanin da uku, a gidan kula da tsofaffi a birni. Reinhild ta ce duk ziyarar da ta kai masa tambayarsa ɗaya ce, ko ya kamata ya nuna wa matarsa takardar nan. Ta ce ba ta taɓa sanin amsar da za ta ba shi ba.